Gwiwa Ɗaya a Tsaye

Ranar da na fita takabar maigidana, ɗan farina ne ya ɗaga ni daga ƙasa a gaban mutane. Na ce wa matarsa, wadda take rubuta wannan, ta fara daga nan, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

A ƙauyenmu, can bayan Kalfu, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta cin abinci yana gani. Ranar da na yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ni kuwa na riƙa wuce shi a tsakar gida kamar ɗan maƙwabta. Ƙannensa na goya su, na yi musu faɗa, na tsefe wa matan cikinsu kai. Shi kam, in ina da magana da shi sai in ce wa wanda ke kusa, "A gaya wa wancan." Ya yi karatu, ya samu aiki a Tawa, ya yi aure, ya haifa, duk ban taɓa riƙe hannunsa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Haka muka tarar, haka na yi, kuma abin bai taɓa damuna ba.

Maigidana ya rasu bayan an gama shigar da gero rumbu. Bai yi ciwo ba. Da hantsi ya ce zai ɗan miƙe a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Na dama fura na kawo masa, na tarar ya kwanta rigingine, ƙafafu a miƙe, hannaye a gefe, tafuka a buɗe, ya rufe fuska da rawaninsa saboda ƙudaje. Na ajiye ƙwaryar, na zauna kusa da shi ina tsintar wake, ina yi masa mita a kan akuyar da ya bari ta cinye mini ganyen yakuwa da na shanya. Na daɗe ina magana. Har na ce masa, "Ka yi shiru ne don ka san ba ka da gaskiya."

Taubashiyata ce ta shigo aron rariya. Ɗiyar kawuna ce, tare muka tashi, gari ɗaya aka kawo mu aure, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma tunda nake da ita ba ta taɓa mallakar rariyar kanta ba. Ta dube shi, ta dube ni. Ta sunkuya ta kama babban yatsan ƙafarsa. Ita ta gaya mini. Har yau in na tuna na zauna ina yi wa gawa faɗa a kan akuya, sai in ajiye abin da ke hannuna in yi kuka, kuma ba na ɓoyewa. Shekara hamsin da wani abu muna tare, maganar da na yi masa ta ƙarshe ke nan.

Wata huɗu da kwana goma na yi a ɗaki a kan tabarma ɗaya. Tun ranar ban sake kwanciya rigingine ba. In na gwada sai in ga rawanin nan a kan fuskarsa. Sai na koma kwanciya a gefen dama, a dunƙule, gwiwoyi a ƙirji. Ban lura jikina yana ƙagewa ba, domin a ɗaki akwai bango, akwai ƙafar gado, ina kamawa in ja kaina sama. Salla ma a zaune na koma yi, ina cewa rashin ƙarfin zuciya ne, zai wuce.

Ranar fita aka shimfiɗa mini tabarma a tsakiyar gida, inda babu bango babu gado. Aka yi ta shigowa gaisuwa. Da azahar ta yi kowa ya miƙe, ni ma na dafa ƙasa zan miƙe, ƙafafuna suka ƙi. Na sake gwadawa. Taubashiyata ta kama hannuna ta ja, saura kaɗan ta faɗo a kaina.

"Ke, mi kika ci a takabar nan? Duwatsun murhu?"

Mata suka yi dariya, ni ma na so in yi. Sai na ji hannaye sun shiga ƙarƙashin hammatana ta baya, na ji ƙamshin sabulun birni. Kafin in ankara ina tsaye. Dariyar ta mutu. Ya ce a kusa da kunnena, "Sannu, Inna." Ban amsa ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na rasa inda zan sa kaina. Tun da na cire shi daga nono fatarsa ba ta taɓa tawa ba sai ranar, kuma a gaban surukai da maƙwabta.

Da la'asar ya tsaya a bakin ɗakina yana magana da ƙanen mahaifinsa, da ƙarfi yadda zan ji. Ya ce ƙannensa mata suna gidajen aurensu, ƙanensa yana Abijan, ba zai bar ni a gidan ni kaɗai ba, in na faɗi wa zai ɗaga ni. Na ce daga ciki, "A gaya wa wancan ba inda za ni." Sai ya ce, "Baba, a gaya mata ranar da ta tashi daga ƙasa da kanta, ni da kaina zan maido ta." Washegari aka sa ni a mota.

A Tawa an kula da ni, ba zan ci amanar kowa ba. Gado mai tsawo, fanka, kujera a tsakar gida, kujera har a banɗaki. Amma duk inda na juya ba abin maigidana ko ɗaya. Can na baro buzunsa na salla da sandarsa da rumfar, ga gayaunata a bayan gida, ga bazara tana ƙarewa. Na san in ruwan farko ya sauka ban koma ba, shi ke nan, a kan kujerar nan zan ƙarasa.

Aka kai ni asibiti, aka ɗauki hoton bayana da ƙuguna. Likita ya ce babu abin da ya karye, jijiyoyi ne suka ɗaure, maganinsu motsi. Da muka dawo surukata ta zauna nesa kaɗan, yadda ya kamata, ta ce, "Inna, akwai wani motsa jiki da ake kira yoga. Bari ki gani." Ta miƙo mini salularta, wayar hannun nan. Na ga wata mace da ɗan wando manne a jiki, kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama, tana murmushi. Na juya salular ina zaton a juye na riƙe ta. Ba a juye ba ce.

"Ɗiyar nan, ɗauke mini wannan. Mi na yi miki?"

Ta rantse ba haka za a sa ni ba. Ta ce abin iri-iri ne, akwai na ƴan mata, akwai na tsofaffi, kowa yana zaɓar wanda jikinsa zai ɗauka. Ta ce akwai wata tsohuwar ungozomar asibiti da ta ajiye aiki, ta koyo shi a Yamai, tana koya wa mata a gidanta, namiji ba ya shiga. Na kwana uku ina cewa a'a. A rana ta huɗu na ga hadari ya ɗan taso ta gabas ya watse, na ce a kai ni.

Da hantsi muka isa. Surukata ta tsaya sallamar mai taksi, ni na dogara sanda na wuce zaure. Na yi sallama, ba a amsa ba. Na leƙa.

Mata ne sun fi goma a ƙarƙashin wata doguwar rumfa, a jere a kan tabarmi. Duk rigingine. Ƙafafu a miƙe, hannaye a gefe, tafuka a buɗe, kowace an rufe mata fuska da mayafi. Ba mai motsi. Sandar ta suɓuce daga hannuna. Na kama ƙyauren, bakina yana ta innalillahi ban san ina yi ba. Abin da ya zo mini shi ne mota ce ta kife da su aka jera su a nan kafin dangi su zo. Ina tsaye ina kallon yatsun ƙafafunsu, ina neman wanda zai je ya taɓa, sai ta ƙarshen layin ta ja minshari.

Wata gajeriyar mace mai furfura ta taso daga gefe, ta sa yatsa a baki. Ita ce malamar. Ta ja ni zaure ta ba ni ruwa. Ta ce hutun ƙarshe ne, kowane irin yoga aka yi da shi ake rufewa.

"Kuma da ranku kuke yin haka? Da gangan?"

"Da gangan, Yaya."

"Wa ake yi wa?"

"Ba a yi wa kowa. Ba ruku'u ba ne, ba karatu a ciki. Ki zo da carbinki in kina so."

Na ce zan yi komai ban da wannan kwanciyar. Ta ce to.

Surukata da malamar suka zaɓa mini na kujera, wanda masu hawan jini da masu ciwon gwiwa ke yi. Ana zaune a ɗaga hannu, a juya wuya, a miƙe ƙafa ɗaya a sauke. Ba laifi, na ji kafaɗuna sun saki. In an zo kwanciyar ƙarshe sai in juya kujerata in fuskanci katanga har su gama. Ranar Asabar kuma na ga na ƴan matan ofis, masu saurin nan, su sunkuya su miƙe su sunkuya har gumi ya jiƙa tabarma. Wata ta tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin tafki. Na yi ta kallo baki buɗe, na gode wa Allah da kujerata.

Sati biyu ina haka. Ran nan a gida, da ba kowa, na zame daga gado na zauna a ƙasa don in gwada. Nan surukata ta dawo daga aiki ta same ni. Ita ta ɗaga ni, ta kuma rufa mini asiri.

Washegari na ce wa malamar, "Ƙanwata, wanga na kujera ba nawa ba ne."

"Yana yi miki ciwo?"

"Daɗi ma yake mini. Amma ni gidana babu kujera. Ba a kan kujera nake salla ba, ba a kan kujera nake hura wuta ba. Ni da ƙasa nake da magana."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Mi ke akwai a gidan naki?" Na lissafa mata: tabarma, turmi, katanga, tulu, zannuwa. Ta shiga madafinta ta mirgino turminta, ta kife shi a gefen tabarma. Ta sa mata biyu suka saukar da ni ƙasa. Ta bi bayana da yatsunta tun daga wuya har ƙugu, irin taɓin wadda ta karɓi haihuwa da yawa.

"Yaya, yaushe rabonki da ki miƙe?"

Ta sake bin bayan nawa da yatsa.

"Bayanki ya lanƙwashe kamar lauje, gwiwoyinki sun saba da ƙirjinki. Na saurin can zai karya ki, na kujera ba zai kai ki ƙasa ba. Naki shi ne na kwance, wanda ake daɗewa a wuri ɗaya ana barin jiki ya saki da kansa. Ba za ki tashi ba sai kin fara kwanciya."

Cikin duk irin da ke gidan nan, wanda na ce ban da shi, shi ne wai nawa. Na gaya mata dalili. Na gaya mata furar da waken da akuyar, a gaban matan da ban san su ba, ina kuka kamar ranar aka yi. Ba ta ce in yi haƙuri ba, kowa ya riga ya faɗa mini wannan. Ta ce, "Ba zan rufe miki fuska ba. Zan riƙe hannunki. Ki ja carbi, kowace ƙwaya numfashi ɗaya. Inda kika gaji mu tsaya."

Ƙwaya bakwai na yi ranar. Bayana ya ƙi taɓa tabarmar, kaina yana rataye sai da ta tura zane a ƙarƙashi. Ina kallon karan rumfarta, ina tunanin abin da maigidana ya gani na ƙarshe ke nan, kara da hasken rana a tsakaninsu. A ta bakwai na ce ta juya ni.

Washegari na yi goma sha ɗaya. Bayan sati na zagaye carbin. Sai ta fara ƙara mini wasu. Ta ɗaure mini zane a idon sawu don kada in tsiraita, ta sa na jingina ƙafafuna a katanga, ni da na juya salula don na ga ƙafafun mace a sama. Ta sa na rungume gwiwa ɗaya in saki, in rungume ɗayar. Sannan ta koya mini tashin kansa, daki-daki: a mirgina gefen dama, a dafa tafi, a zo kan gwiwoyi, a kama turmi, a kafa ƙafa ɗaya, a tura ƙasa. Kullum a wurin kafa ƙafar nake maƙalewa. Matan suka sa mini ido, wata mai sayar da atamfa, ƴar Maraɗi, takan ce, "Yau dai Inna za ta ba turmin nan kunya." Ba na ba shi.

Ranar da na tashi ba wanda yake kallo. Malamar ta juya tana gyara wa wata kafaɗa. Na mirgina, na dafa, na kama, na kafa, sai na gan ni tsaye, ina kallon saman kawunansu. Na tsorata har na koma na zauna a kan turmin. Da azahar ɗin ranar na sa goshina a ƙasa, karo na farko tun rasuwar, na daɗe ban ɗago ba.

Na ce wa surukata, "A gaya wa wancan na tashi." Ta dawo ta ce yana so ya gani da idonsa. Na ce ba zan yi birgima a ƙasa a gabansa ba ko da zan mutu a Tawa, ta je ta ba da shaida. Ta ba da. Ya cika alkawari. Ya kai ni har ƙofar gida, ya zagaya ya duba rumbu da tulu, ya bar lambarsa wurin mai teburin bakin masallaci, wanda shi ke da salula mai kama layi a unguwarmu.

Kwana uku da komawata ruwan shuka ya sauka. Da safe garin ya watse, duk mai ƙafa ya tafi gona, har mata da yara. Ni na ɗan taɓa gayaunata a bayan gida, bayana ya gaji, na ce bari in yi abin da aka koya mini. Inuwa ɗaya ce a gidan, ita ce rumfar. Kuma ba zan ɓoye ba, na so in kwanta inda maigidana ya kwanta. Na shimfiɗa tabarma, na miƙe, na buɗe tafuka. Ƙudajen damina suka dame ni, na ja mayafi na rufe fuska. Ƙasa tana ƙamshin ruwa. Na ja carbi, ban kai rabi ba barci ya ɗauke ni, irin wanda ban yi ba tun yana da rai.

Abin da ya faru ina barci daga baya na ji shi. Taubashiyata ta shigo aron rariya. Ta ga rumfar, ta ga tabarmar, ta ga ƙafafu a miƙe da fuska a rufe. Ta kira ni sau biyu. Ta ce ta sunkuya za ta kama yatsan, hannunta ya ƙi, domin sanyin na farkon bai bar tafinta ba har ranar. Ta fita ta je wurin mai tebur, ya buga wa ɗana. Ita kuma ta nufi gonaki tana kuka.

Ni na farka jikina sakayau. Na mirgina, na kama turmi, na tashi. Na ɗauki ƙwaryar irin kuɓewa na fita ta ƙofar baya. Ina cikin shuka na fara jin kuka daga cikin gari. Na tsaya. Na ce wa kuma Allah ya ɗauka a ranar shuka. Na goge hannu, na gyara mayafi, na zagayo ta gaba don in bi sawun kukan in yi gaisuwa.

A ƙofar gidana na tarar da maza zaune a jikin katanga, sungumansu a jingine, ƙafafu duk laka. Na gaishe su. Ba wanda ya amsa. Ƙanen maigidana ya miƙe a hankali, ya ja da baya har ya taka butar liman. Na wuce ciki. Mata sun cika tsakar gida, sun kewaye tabarmata, ba kowa a kanta, wasu na kuka, wasu na gardamar wa ya ɗauke gawar ya kai ɗaki.

Na taɓa ta kusa da ni na ce, "Wa ya rasu?"

Ta juyo. Taubashiyata ce. Bakinta ya buɗe ya rufe.

"Ke," ta ce.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Sannan ta miƙa hannu ta kama babban yatsan ƙafata, ina tsaye, ta matse shi har na ji zafi.

"Da ɗumi," ta ce wa matan. Ta ɗago ta dube ni. "Muguwa. Ɗiyar muguwa. Ko mutuwa ba ki iya yi yadda mutane ke yi ba."

"Uwata dai gwaggonki ce. Kuma da kin sayi rariya da ba a yi haka ba."

Wasu suka fashe da dariya da hawaye a fuska. Ni ban yi ba, domin a lokacin na ji liman yana cewa a bi masu haƙa a dawo da su. Har an tura su maƙabarta, an ce a yi kusa da na maigidana. Na nemi turmin na zauna. Mai tebur ya yi ta buga wa ɗana, ba ya ɗauka, yana kan hanya.

Kabu-kabu ne ya kawo shi. Na ji tsayuwar babur ɗin, na ji maza suna ta magana a lokaci ɗaya, amma bai saurare su ba, ya shigo kai tsaye. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. A hammatarsa akwai farin yadi a ninke, sabo, daga kasuwar Tawa. Ya tsaya. Ya ga ni zaune a kan turmi da ƙwaryar iri a cinya.

Yadin ya faɗi. Ya zo ya durƙusa, ya kama ƙafafuna biyu, ya kifa goshinsa a kansu. Bayansa yana ta girgiza, ba sauti. Hularsa ta zame. A nan na ga abin da ya fi komai girgiza ni a ranar, fiye da kabarin da aka fara haƙa mini: kansa fari ne. Furfura ce tun daga goshi har ƙeya. Ni a zuciyata yaro ne mai tsallake kwata da allo a hannu. Ya tsufa a gabana ban gani ba, don ban taɓa duba ba. Ban san lokacin da hannuna ya sauka a kan nan ba. Matan suka kau da kai, suka ba ni sarari. Ban kira sunansa ba, har yau ban kira ba. Amma hannun ya daɗe a wurin.

Da ya samu kansa ya miƙe, ya share fuska, ya juya wurin ƙanen mahaifinsa.

"Baba, a gaya mata ta haɗa kayanta. Ba zan sake jin irin wannan kira ba."

Na ce, "Ba sai an gaya mini ba, na ji." Wannan ne karo na farko da na ba shi amsa ba ta bakin wani ba. "Ka ce ranar da na tashi da kaina. Ba ka gani ba, shaida aka ba ka. To tsaya nan."

Na sauka daga turmin zuwa tabarma, a gaban surukai da maƙwabta da liman da ke leƙe daga zaure. Na kwanta rigingine. Na ji wata ta ce subhanallahi. Na mirgina dama, na dafa tafi, na zo kan gwiwoyi. Na hango hannayensa sun taso, ya mayar da su baya ya riƙe ɗaya da ɗaya. Na kama turmi, na kafa ƙafa, na tura ƙasa. Na tsaya a gabansa, na kakkaɓe zanena.

Ya saki hannayensa. Sannan ya ce, "Tashin na gani, Inna. Kwanciyar ce ba zan iya ba. In an sake ganinki haka fa?"

Taubashiyata ce ta raba gardamar, tana zaune a ƙasa har lokacin. "Ta ɗaga gwiwa ɗaya. Gawa ba ta ɗaga gwiwa. In na leƙo ta katanga na ga gwiwa a tsaye, na san muguwar tana nan."

Surukata, wadda ta iso a taksi bayansa da idanu jajaye, ta buga wa malamar ta ba ta labari. Muna jin dariyar matar daga cikin salular, har tana tari. Da ta lafa ta ce a gaya wa Yaya ta ɗaga, ta riƙa sauya ƙafa, ga mai irin bayanta hakan ma ya fi.

Ya koma Tawa da yamma ba tare da ni ba. Zai ɗauki yadin, na ce ya bar shi, ya riga ya saya, kuma ya zaɓo mai kyau. Na wanke lakar da ta taɓa gefensa, na ninke, na sa a adaka tare da buzun maigidana.

Yanzu damina ta biyu ke nan. Kullum da hantsi ina kwanciya a ƙarƙashin rumfar, fuska a rufe, tafuka a buɗe, gwiwa ɗaya a tsaye. Wani lokaci ina kuka a ƙarƙashin mayafin, wani lokaci ina ba maigidana labarin gida. Na gaya masa akuyar ta haifi biyu, na kuma ce masa yakuwar ba ta kai abin faɗa ba. Ina jin taubashiyata in ta leƙo ta katanga, ina jin ta shigo ta ɗauki rariya ta fita ba ta ce komai ba. Na sa ta yi mini alkawari ɗaya: ranar da ta ga gwiwar a ƙasa, ta daure ta kama yatsan kafin ta je wurin mai tebur. Ta san inda mabuɗin adakar yake.